RUMBU: RIGAKAFIN GARKE SHI NE RIGAKAFIN MAI GARKE

Wanda ya ke son zuwa Rumbu daga Maraɗi sai ya yi sammako. Mota ta kan bi ta Tibirin Gobir, ta saki babbar hanya, ta miƙe arewa ta Kornaka har Dakoro. Tafiyar ta fi kilomita 100. Daga Dakoro sai a ƙara nausawa arewa cikin rairayi. Tun daga nan matafiyi zai ga ƙasa ta fara sakewa. Manyan itatuwa suna raguwa. Sai aduwa, da magariya, da kandili, da tumfafiya a bakin hanya. Ƙarangiya kuwa ba ta barin ƙafar wando lafiya.

Rumbu ƙaramar hukuma ce cikin gundumar Dakoro, jihar Maraɗi. Hausawa manoma, da Filani, da Abzinawa suna zaune cikinta, suna shan rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya. Sunan wurin ya yi daidai da rumbun da a ke zuba hatsi. Amma a wannan ƙasa rumbu iri biyu ne. Akwai na kara da laka da ke tsaye bayan gida. Akwai kuma mai ƙafa huɗu, wanda ke fita kiwo da safe ya dawo da marece. Shekarar da hatsi bai yi ba, tunkiya da akuya su ke ciyad da gida. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su bukatar a faɗa masu haka.

KWARIN TARKA DA DAMANA

Abin da ya fi kome daraja a ƙasar Rumbu shi ne kwarin Tarka. Tsohon gulbi ne wanda ya daina gudu tun zamanin da. Ya ratsa arewacin Dakoro ya nufi ƙasar Tawa. A wannan yanki ne gona da makiyaya su ke haɗuwa. Tun 1961 gwamnati ta yi doka ta sa iyakar noma ta arewa, don a bar ma bisashe wurin kiwo. Kudu ga kwarin gonakin hatsi da wake ne. Arewa kuwa daji ne na ciyawa, har Bermo da Gadabeji.

Da rani wurin fari fat ya ke, sai iska da ƙura. Rijiyoyi suna da zurfi, sai an ɗaura ma raƙumi ko sa ko jakai igiya su jawo wasaki. Amma wanda ya zo cikin watan Agusta ba zai gane wurin ba. Ciyawa ta yi kore shar. Kowane gangare ya tara ruwa ya zama tabki. Makiyayi ya huta da jan guga. Shanu jajaye masu dogon ƙaho, da na Azawak, da tumaki uda, da raƙuma suna bin burtali, suna hawa arewa don su bar ma manoma gonakinsu. Nono ya wadata. Mata suna shanya cuku bisa tabarmi.

Sai dai ruwan da ya kawo ciyawa shi ya kan kawo sauro. Da rana ta faɗi, wanda ya zauna kusa da tabki ba ya iya hira sai da mafici. Kowa ya san sauro da masassarar da ke kama yara. Amma akwai wani ciwon da sauro ke ɗaukowa wanda mutane da yawa ba su san sunansa ba. Shi ya kan fara da garke, sa'an nan ya faɗa ma mai garke. Wani lokaci har ya hau ƙwaƙwalwa.

ABIN DA YA FARU A TAWA CIKIN 2016

Jihar Tawa maƙwabciyar Dakoro ce ta yamma. Ba katanga tsakani. Bisashen nan da na can su kan gamu wajen kiwo, da bakin tabki, da kasuwa.

Cikin damanar 2016 makiyayan wajen Cintabaradan suka ga abin da ya ɗaure masu kai. Tumaki da shanu da raƙuma suna ta ɓari. Ƴan raguna suna mutuwa kwana kaɗan bayan haifuwa. Ba a daɗe ba mutane suka fara kwantawa da masassara mai zafi. Waɗansu idonsu ya yi rawaya, waɗansu jini na fita ta hanci da baki. Ran 30 ga Agusta labari ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Aka ɗebi jini aka aika babban ɗakin bincike na Pasteur a Dakar. Cikin watan Satumba amsa ta zo: masassarar Kwarin Rift ce.

Ciwon ya taɓa Cintabaradan, da Tasara, da Abalak. Kafin ƙarshen shekara waɗanda aka yi zaton sun kamu sun haura 300, mutum 33 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Mafi yawansu makiyaya ne da iyalansu. Abin ya zo daidai da lokacin babban taron makiyaya na Ingal, inda dubban bisashe ke haɗuwa wajen lasar gishiri. Hankalin hukuma ya tashi ƙwarai, domin garken da ya je taro zai koma gida, ya bi ta ƙasashe da yawa.

Nan ne maganar ta shafi Rumbu. Duk abin da ciwon ke so akwai shi a kwarin Tarka: tabki, da sauro, da bisashe masu zuwa daga nesa, da mutanen da ke kwana cikin garke.

ASALIN CIWON DA YADDA YA KE TAFIYA

An fara gane ciwon a ƙasar Kenya cikin 1931, wajen wani babban kwari da a ke kira Rift. Shi ya sa aka ba shi wannan suna. Cikin 1977 ya faɗa ma Masar, ya kashe mutum wajen 600. Cikin 1987 ya ɓulla a Muritaniya, bakin kogin Senegal. Cikin 2000 ya ƙetare teku ya shiga Saudiyya da Yaman. A ƙarshen damanar 2025 ma ya tashi a Senegal da Muritaniya. Wato ba ciwon da ya wuce ba ne.

Ƙwayar da ke kawo shi ƙarama ce ainun, irin wadda likitoci ke kira birus. Dabarar ɓuyanta abin mamaki ce. Akwai wani irin sauro da ke zuba ƙwai bisa laka a gefen tabki. Tabki ya ƙafe, laka ta tsattsage, amma ƙwan yana nan da rai, har shekaru. Wani ƙwan kuwa da ƙwayar ciwon a cikinsa. Shekarar da aka yi ruwa mai yawa, tabki ya cika ya rufe wurin, sai ƙwai su ƙyanƙyashe gaba ɗaya. Sauron ya ciji tunkiya. Ƙwayar ta yi yawa cikin jininta. Waɗansu sauraye su cije ta, su kai ma sauran garke.

Tumaki sun fi shan wuya. Cikin ƴan raguna 10 da suka kamu, 9 na iya mutuwa. Tunkiya mai ciki kuwa da wuya ta tsira da cikinta. Saboda haka babbar alama ita ce ɓari mai yawa lokaci guda, cikin garke ɗaya ko garkunan da ke shan tabki ɗaya.

Mutum fa? Sauro na iya ba shi ciwon. Amma mafi yawan masu kamuwa ta hannunsu su ke ɗauka. Wanda ya sa hannu ya taimaki tunkiya wajen haifuwa, da wanda ya ɗauki ɗan ɓari ko mabiyiya ya yar, da wanda ya yanka dabba marar lafiya don kada ta yi mushe, da mahaucin da ya feɗe ta, da matar da ta gyara kayan ciki, duk suna cikin hatsari. Haka mai shan ɗanyen nono. Ba a taɓa tabbatar da cewa mutum ya ba ɗan uwansa mutum ba.

IN YA HAU KAI

Bayan kwana 2 zuwa 6 sai masassara, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi. Mafi yawan mutane su kan warke cikin mako guda, har su ɗauka masassarar cizon sauro ce. Amma ga waɗansu kaɗan ciwon ya kan yi tsanani ta hanya uku. Ya kan taɓa ido, mutum ya riƙa gani dishi-dishi, wani ya rasa ganinsa. Ya kan taɓa hanta ya kawo zubar jini, rabin waɗanda ya yi ma haka kuwa ba su tashi. Ya kan kuma sa ƙwaƙwalwa ta kumbura.

Wannan na ƙwaƙwalwa shi ya fi ruɗa mutane, domin ba ya zuwa da wuri. Sai bayan mako 1 zuwa 4, lokacin da a ke cewa mutum ya samu sauƙi. Kai ya riƙa sara kamar zai tsage. Mutum ya manta sunan ɗiyansa. Ya riƙa ganin abin da babu, yana sambatu, ko ya faɗi yana shure-shure, ko ya yi ta barci ba a iya tashe shi. A ƙauye sai a ce iskoki ne, ko sammu. A yi ta turare da tofi, kwanaki suna wucewa. Waɗanda ciwon ke hawa ma kai ba su kai 1 cikin 100 ba, ba kasafai kuma su ke mutuwa ba. Amma da yawa ba su komawa yadda su ke. Makiyayin da ya san kowace saniya da sunanta, ya zama sai an riƙe masa hannu, wannan hasara ce ta gida duka.

Kada a haɗa shi da sanƙarau. Sanƙarau ciwon rani ne, lokacin zafi da ƙura, ta numfashi a ke ɗaukarsa, ba ruwansa da sauro. Shi yana da allurar rigakafi ta mutane, an yi babbar shaushawa tasa a Nijar tun daga 2010. Wannan kuwa ciwon damana ne da kaka.

KASUWAR SAKABAL DA MAGANAR ALLURA

Wanda ya ke son ya ga arzikin Rumbu sai ya je Sakabal ran kasuwa. Tun hantsi kara ta cika. Ga raguna a ɗaure, ga bijimai, ga raƙuma a gurfane. Dillalai suna kama hannu suna ciniki. Fatake suna loda bisashe zuwa Dakoro da Maraɗi, har kasuwannin Nijeriya. Rundawa suna fiɗa, masu tukuba suna gashi. Mata suna sai da fura da nono da cuku. Dabbar da ta kwana a dajin Abalak tana iya yini a nan, jibi ta kwana Katsina.

A irin wannan wuri, in malamin bisashe ya zauna da makiyaya ya kawo maganar wannan ciwo, tambayar da dattijo ya kan yi ba ta wuce ɗaya:

"To, Malam, ba ku da allurarsa ne ku yi ma mutane su huta?"

Amsar ita ce: "Baba, ta mutane ba ta fito ba tukuna. Ta bisashe ce akwai."

Gaskiyar magana ke nan. Har yanzu babu allurar rigakafin wannan ciwo da aka yarda a yi ma jama'a. Masana na jami'ar Oxford ta Ingila sun haɗa wata, an gwada ta a Ingila da Yuganda, cikin 2025 kuma aka fara gwada ta a Kenya. Amma gwaji daban, isowa gidan likitan ƙauye daban.

A ƙasashen Asiya abin ya sha bamban. Can akwai wani ciwon ƙwaƙwalwa da sauro ke kawowa, ana ce masa na Japan. Yana cikin ƙasashe 24. Sauron yana hayayyafa cikin gonakin shinkafa, yana ɗauko ƙwayar daga aladu da tsuntsayen ruwa, ya kai ma yara. Cikin 100 da ciwon ya hau ma kai, har 30 na iya mutuwa. Su can yaran a ke yi ma allura. Ƙasar Sin ta fid da wata cikin 1988, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita cikin 2013, ciwon kuma ya ragu ƙwarai inda aka yi ta. Amma wannan allura ba ta tsare mutum daga masassarar Kwarin Rift. Kowace ƙwaya da makarinta.

Saboda haka a ƙasa irin Rumbu garke shi ne ƙofar gida. In aka tare ciwon a jikin tunkiya, da wuya ya kai ga mai ita.

SHARUƊƊAN ALLURAR BISASHE

Allurar bisashe ta wannan ciwo iri biyu ce. Akwai mai ƙwaya da rai wadda aka raunana. Ita sau ɗaya ta isa ta tsare dabba shekaru. Tsohuwar irinta, mai suna Smithburn, tana da aibi guda: tana iya sa dabba mai ciki ta yi ɓari. Daga baya aka samu wata mai suna Clone 13, wadda Afirka ta Kudu ta yarda da ita cikin 2010, ta fi sauƙi ga masu ciki. Iri na biyu ita ce mai matacciyar ƙwaya. Ba ta sa ɓari, amma sai an maimaita ta.

Babban sharaɗi shi ne lokaci. Tun kafin ciwo ya shigo a ke yin ta. In ya riga ya shiga garke, ba a yi. Dalili kuwa, wata dabbar tana ɗauke da ƙwayar ba ta nuna ba. In aka soka mata allura aka zare aka soka ma ta kusa, an raba ciwon da hannu ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka likitocin bisashe na gwamnati su ke da ikon cewa ga inda za a yi, ga lokacin da za a yi. Ba aikin mai talla a kasuwa ba ne. Maganin kwalba da a ke saya a tebur a soka ma dabba ba ya kashe wannan ƙwaya, hasarar kuɗi ce kawai.

Wani abin lura kuma. Shaushawar da gwamnati ke yi ma bisashe kowace shekara ta ciwon huhun shanu ce, da bushiyar awaki da tumaki, da wani ciwo na raƙuma. Tana da amfani ƙwarai, kowa ya kai garkensa. Amma kada mutum ya ce tun da an yi ma tumakinsa wannan, sun tsira daga kowane ciwo.

Mutanen wannan ƙasa sun san ƙarfin allura. Tsofaffi suna tuna bushiya, wadda ta kan share garke ta bar mai shi da sanda. Cikin 1962 aka fara babban yaƙi da ita a Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru. Aka yi ta fama shekara da shekaru. Cikin 2011 aka yi shela cewa bushiyar shanu ta ƙare a duniya duka. Ba da kome aka ci ta ba sai da allura, da makiyayan da suka yarda suka kawo shanunsu.

ABIN DA KE HANNUN KOWA

Hukuma ba ta iya tanadin allura in ba ta san inda ciwo ya ke ba. Idonta a daji shi ne makiyayi. Nan kuwa akwai gardama. Wani ya kan ce, in ya faɗa za a hana shi kasuwa, ragunansa su faɗi. Tsoron nan ba na banza ba ne. Bayan ciwon 2000 Saudiyya ta daina sayen bisashe daga ƙasashen gabashin Afirka, makiyayan Somaliya suka sha wuya shekaru. Amma ɓoyewa ba ta hana ciwo tafiya. Abin da za a tsare a tabki ɗaya, in aka yi shiru, sai ya rufe kasuwar gunduma duka. Ga abin da ya kamata:

1. In ɓari ya yi yawa, ko ƴan raguna suna mutuwa, a gaya ma mai gari ko hardo, a kai labari ga ma'aikatan kiwo nan da nan. Wanda ya iya rubutu ya rubuta rana, da wuri, da yawan dabbobin.

2. Kada a taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara. A sa hannu cikin leda, a gina rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu. Kada a aiki yara wannan aiki.

3. Dabbar da ba ta da lafiya kada a yanka ta don ci ko saidawa.

4. A tafasa nono kafin a sha ko a yi cuku. A dafa nama ya nuna sosai.

5. A kwana cikin sange, ko a gida ko a daji. A nisanta shimfiɗa daga bakin tabki.

6. Mai masassara ya je gidan likita da wuri, ya gaya ma likita in garkensa na ɓari. Wanda hankalinsa ya juya bayan masassara, a kai shi asibitin Dakoro, kada a tsaya jira.

7. Uwaye su kai yara awo. Allurar shawara da a ke yi ma jariri a wata 9 ita ma ta ciwon da sauro ke kawowa ce, sau ɗaya kuma ta isa har tsufa.

Matafiyin da ya bar Sakabal da la'asar zai gamu da garkuna suna gangarowa tabki. Ƙura ta tashi, maruƙa suna kuka, yaro ɗan shekara goma yana biye da sandarsa a kafaɗa. Shi zai tatsi nono da dare. Shi zai fara ganin tunkiyar da ta yi ɓari da asuba. Abin da aka koya masa ya yi a wannan safiya shi zai tsare kansa, da gidansu, da kasuwar garinsu.

Manomi ba ya jiran gara ta ci rumbu kafin ya duba ƙafafunsa. Haka ya kamata a yi ma rumbu mai ƙafa huɗu. Allah shi ba da damana mai albarka, shi kiyaye garke da masu garke. Amin.